Jan Furen Baturiya

Mun tashi da asuba, ni da uwar mijina da ɗiyata a goye, ko koko ban iya kurɓa ba. Ku 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci kun dame ni da tambayar ina na shige kwana biyu. To ga shi na rubuta muku, in akwai kuskure malama ta gyara.

Kun san maigidanmu soja ne, yana cikin waɗanda anka kai Laberiya. Wata bakwai ke nan ba wasiƙa, ba saƙon baki. Ranar Talata wani mutumin Maiyama ya kawo ƙanensa ɗori nan Aliero, a wurin hira ya ce wani soja ɗan Gumbin Kure ya dawo daga can, kuma barikinsu ɗaya da maigidanmu. Maganar ta bi ta katanga ta iso gidanmu. Inna, wato uwar mijina, ta ji, ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "Ya kamata mu tahi mu gaishe shi. Mutum ya dawo daga nesa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Maigidan ɗanta ne na fari, tun da na zo gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin ta tambayi lafiyarsa a gaban mutane ba. Amma a ranar har sau biyu ta zuba gishiri a miya.

Tsarabarmu albasa ce, rabin ƙaramin buhu, ragowar ta bara. Yanzu lokacin dashe ne, ta yi tsada, ba za a ce mun je hannu sake ba.

Daga Aliero zuwa Jega ba nisa, amma ni na ga nisanta. Gari na wayewa muna wuce mutane duƙe a gonakin albasa, ƙafafunsu cikin laka, ga dawa an yanke an jingine. A jikin ƙofar motar an shafe "Sakkwato" da fenti an rubuta sunan sabuwar jiharmu, Kebbi, amma tsohon rubutun yana leƙowa ta ƙasa. Inna ta sa na karanta mata, ta ce, "Ikon Allah. Mun kwana Sakkwato mun tashi Kabi, ko tabarma ba mu ɗaga ba." Mutanen mota sunka yi dariya. Ni dai ina ta taɓa goshin yarinya, ko da yake lafiyarta ƙalau. Hannuna ne ya rasa abin yi.

A Jega munka sauka a tasha. Mahauta sun riga sun rataye nama, masu kifi suna kwance kwanduna, ƙamshin ƙosai ya cika wurin. Inna ta sayi na naira ɗaya, mai ƙosan ta yi gyara da guda biyu don yarinya. Motar Maiyama kuwa tana nan tsaye, mutum huɗu kacal a ciki. Ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya tun muna shida. Na fita na koma ya fi sau biyar. Duk wanda ya doso da kaya sai in zuba masa ido ina roƙon Allah ya sa Maiyama za shi, sai in ga ya wuce motar Birnin Kebbi. Har hantsi ya ɗaga muna nan.

Wadda ta cike motar Baturiya ce. Doguwa, ta manyanta kaɗan, da riga da zane na atamfa, ɗankwalinta ya karkace gefe guda. Direba ya buɗe mata gaba, ta ce a'a, ta shigo baya ta matsu kusa da ni. Ta gaishe mu da Hausa irin ta rediyo, ta ce aikin allurar yara take yi a ƙauyukan Maiyama, motarta tana wurin bakanike. A ƙirjinta akwai wani ɗan jan fure na ƙyalle, tsakiyarsa baƙi, bai fi murfin kwalba biyu ba.

Ba mu haye gadar gulbi ba ɗiyata ta kai masa hannu. Na buge hannun, ta ƙara kaiwa. Baturiyar ta yi dariya, ta cire shi, ta zare allurar da ke jiki don kada ta soki yarinya, ta ciro fil daga jakarta ta maƙala mata a gaban riga. Yarinya sai washe baki take. Inna ba ta tsaya ba, ta kwance bakin buhu ta zaɓo albasa uku manya ta ɗora wa Baturiya a cinya. Baturiya ta ce ba sai an ba ta komai ba, Inna ta ce, "Tukuici ne, ba a maido shi." Ta karɓa da hannu biyu, alamar ta daɗe a ƙasar nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da na isa Maiyama da sauran natsuwata. Amma kun san Inna da son jin tushen abu.

"Ke 'yar Ingila," in ji ta, "garinku haka mata ka ado, da hure guda tak?"

"Ni ba 'yar Ingila ba ce, Mama. 'Yar Kanada ce."

"Ai duk Turawa ne."

"Kakana ma haka ya ɗauka, kafin ya je yaƙi."

Sai ta ba mu labari, ina ji da kunne ɗaya, ɗayan yana wurin ƙarar motar da take yi kamar za ta mutu a kan hanya. Ta ce kakanta manomin alkama ne. A zamaninsa in an tambaye shi, cewa yake shi talakan Sarkin Ingila ne, ƙasarsu kamar wata babbar gona ce ta Ingila a hayin teku. Da Ingila ta shiga yaƙin duniya na farko, ba a tambaye su ba, sai dai sunka ji su ma suna ciki. Anka kwashi samarinsu a jirgin ruwa. Ƙasar tasu faɗi gare ta, na gabas bai san na yamma ba, wasu masunta, wasu masu saran itace, wasu ma harshensu daban. Ta ce akwai wani tudu a ƙasar Faransa da anka tara su gaba ɗaya a karon farko anka ce su ƙwace shi, sunka ƙwace, amma mutanen da sunka bari a wurin ba kaɗan ba ne. Kakan nata ya dawo da ido ɗaya, kuma daga ranar bai ƙara kiran kansa talakan kowa ba, sai ɗan Kanada. Ta ce da yawa a ƙasarsu suna ganin a yaƙin nan ne sunka gane su mutane ɗaya ne.

Inna ta ce, "To madalla, yaƙi ya yi muku rana."

Baturiya ta girgiza kai. "Kakata ba ta yarda ba. Ƙanenta bai dawo ba. Cewa take an sayi sunan da tsada. Masu harshen Faransa na ƙasarmu kuma daga baya tilasta musu anka yi su tafi, har yau wasunsu ba su huce ba." Ta nuna ƙirjin ɗiyata. "Irin furen nan ne ya fito a kan kaburburan sojojin. Shi ya sa duk shekara a watan nan muke sa shi, don sojojin da sunka tafi ba su dawo ba."

Na dubi rigar yarinya. Ɗiyar soja, ubanta wata bakwai shiru, muna kan hanyar jin labarinsa, ga furen matattun sojoji a ƙirjinta, kuma da hannunta ta jawo shi. Baiwar Allah ba ta san komai ba, wasa take da yatsun yarinya. Na so in fizge shi, amma gwiwarta na gogar tawa, ga albasarmu a cinyarta. Na saci kallon Inna. Ta ciro tasbaha.

Sauran hanyar ban ga abin kirki ba. Na san mun tsaya sau ɗaya direba ya zuba wa mota ruwa, mata masu tallan gyaɗa sunka kewaye mu, na san mun wuce garken shanu da ya tare hanya. Ni dai duk ramin da munka faɗa sai jan abin nan ya yi tsalle a gaban idona.

A Maiyama Baturiya ta sauka, ta ce mana Allah ya kiyaye hanya, ta tafi rungume da albasarta. Ba ta kai bakin titi ba na cire furen. Yarinya ta sa kuka. Na nufi kwata da shi, Inna ta riƙe mini mayafi.

"Ina za ki da shi?"

"Inna, kin ji abin da ta ce."

"Na ji. Ta amshi albasarmu, mun amshi abinta. Ƙyalle ne, ba shi kashewa ba shi rayawa. Aje shi."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma ba ta daina jan tasbaha ba. Na ƙulle shi a bakin zane kamar yadda ake ƙulle kuɗin cefane.

Daga Maiyama a-kori-kura munka samu, an loda mata buhunan gishiri da akuya biyu. Hanya ce ta ƙasa, rairayi a nan, rami a can. Inna ta sayi dafaffen rogo da ƙuli ta miƙo mini, na ba yarinya, akuya ta cinye rabi. Kowace bukka na hango sai in ce mun iso, sai a ce da saura. Rana ta take tsaka munka shiga Gumbin Kure. Gari ne na manoma, ko'ina dammunan gero da dawa, mata na sussuka a bakin gari. Ba mu sha wahalar neman gidan ba, muna cewa soja anka nuna mana.

Uwarsa ta tarbe mu kamar ta san mu. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta kawo ruwa, ta kawo fura da nono mai kyau. Ta ce ɗan nata ya je gona duba masu yankan dawa, zai dawo da azahar. Sai cewa take, "Ku sha tukuna, ku huta tukuna." Ni kuwa ranar da babana ya rasu haka anka yi mini. Anka zaunar da ni, anka ce in ci abinci tukuna. Na riƙe ludayi ina kallon fuskar matar ko zan tsinci wani abu, ba komai sai fara'a, fara'ar ma tsoro take ba ni.

Bayan sallar azahar ya shigo. Saurayi ne siriri, hannunsa na hagu rataye a wuya da ƙyalle. Da anka gaya masa daga gidan wa muke, ya durƙusa har ƙasa gaban Inna. Anka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina mutanen Aliero, ya sanyi, ya jikin, Allah ya ƙara sauƙi. Anka gama anka sake sabuwa. Ya ga buhu, ya yi godiya, ya tambayi yadda albasa take a bana. Ya ce shi ya tafi yana ɗan jihar Sakkwato ya dawo an ce masa ɗan Kebbi ne, har yanzu bakinsa bai saba ba.

A nan ne na gane abin da ba mu shirya masa ba tun daga gida. Inna ba za ta buɗe baki ta tambayi ɗan fari ba. Ni kuma ba zan tambayi miji a gaban uwarsa ba, ga baƙon namiji. Kowace a cikinmu ta taho ne da zaton ɗayar za ta san yadda za ta yi. Mun hau mota uku, mun zauna a tabarma ɗaya, kowa na jiran kowa.

Inna ta gwada zagayawa. "Ya mutanen can?"

"Lahiya lau, Inna."

"Duka-duka?"

Ya sunkuyar da kai. "To, Inna, yaƙi ne. Wasu lahiya, wasu sai addu'a."

Ta ce, "Haka ne." Na ji kamar in tashi in zagaya gidan da gudu. Shi kuma ya koma maganar dawa.

Ɗiyata tun Maiyama take neman abinta, ta san inda na sa shi. Tana ta jan bakin zanena ina ture ta, har ƙullin ya kwance, furen ya faɗo tsakiyar tabarma, ja wur. Sojan ya katse maganarsa. Ya ɗauka da hannunsa mai lafiya, ya juya shi, fuskarsa ta canza.

"Ina kunka samu wanga? Irinsa mukan maƙala a bariki ranar tuna waɗanda sunka kwanta dama." Ya dubi Inna, ya dube ni. "Wa anka rasa?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Malam, kai munka zo tambaya. Uban yarinyar ga, yana da rai?"

Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Na jira Inna ta tsawata mini, sai na ji hannunta ya kama wuyan hannuna ya matse har ya yi zafi.

Ya yi salati. "Ashe saƙona bai iske ku ba? Tun ranar da na sauka na ba wani direban motar albasa saƙo. Ni na ɗauka barka kunka zo yi mini." Ya matso. "Inna, yana nan da ransa. Na baro shi zaune yana faɗa da shinkafa da miyar ganyen rogo, yana cewa shi tuwon dawa yake so."

Inna ta saki hannuna, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Ni kuwa na ɗauki ƙwaryar furar nan na shanye ta tas, sai da na ajiye kunya ta kama ni.

Ya shiga ɗaki ya fito da kaset, ya ce maigidan ne ya ɗauko muryarsa ya ba shi, shi kuma ya ƙi ba direba don kada ya ɓace. Anka ɗauko rediyo mai kaset, batir ya yi sanyi. Muryar ta fito a hankali, da kauri, kamar ta tsoho ɗan shekara tamanin. Inna ta buɗe fuska ta ce, "Wanga ai kakansa ne." Ranar na fara jin dariyarta tun da damina ta faɗi. Anka cire batiran anka shanya su a rana kan murfin kwano, munka zauna muna gadinsu. Wannan jiran bai dame ni ba.

Da anka mayar, muryarsa ce sak. Ya gai da Inna, ya gai da baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, ya gai da liman, har mai shayin bakin tasha. Ni a ƙarshe ya sa ni cikin "mutanen gida da yarinya", na kuma ji nawa a ciki. Sannan ya ce kada hankalinmu ya tashi, an harbe shi a cinya amma ya warke, yana takawa. Ya ce wanda ya ɗauko shi a kafaɗa daga inda ya faɗi wani ɗan Ibo ne, Kirista, ko Hausar kirki ba ya ji, ya yi tafiya mai nisa da shi a cikin daji ana harbi. Bayan kwana kaɗan ɗan Ibon anka kashe. Ya ce a can ba mai tambayarka garinku ko jiharku. Mutanen ƙasar in za su kira soja cewa suke "Najeriya", kuma duk sai su waiwaya, na Aliero da na bakin teku. Ya ce shi da can sunan nan a takarda kawai ya san shi. Ya ce, "Inna, mutumin nan yana da uwa. Ban san garinsu ba. Ki riƙa tunawa da ita."

Anka juya kaset ɗin har sau uku. Maganar Baturiya ta dawo mini, ta kakanta mai ido ɗaya, da ta kakarta da ƙanenta bai dawo ba. Da safe a mota na ji su kamar tatsuniyar wata ƙasa mai nisa. Yanzu ga kakan a cikin rediyo yana magana da muryar mijina, ga kakar kuma a wani gari na kudu da ban san sunansa ba, wataƙila ita ma tana jiran wani ya dawo ta je gaishe shi.

A can munka kwana, sun ƙi barin mu tafi. Da safe anka cika mana buhunmu da sabuwar dawa. A tashar Maiyama na dudduba ko zan ga Baturiyar in gaya mata abin da furenta ya yi, ban gan ta ba. Hanyar dawowa ta yi mini gajarta. Sai a lokacin na ga ashe gulbin Jega da ruwa sosai, har da masu jefa taru, na kuma ci kifi soyayye a tasha, biyu ma. Kaset ɗin yana cikin rigata, ina taɓa shi lokaci lokaci. Kafin la'asar muna gida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na farko, in za ku yi tafiyar tambaya ke da uwar miji, ku yanke tun daga gida wa zai buɗe baki. Na biyu, na yarda yaƙi yakan sa mutanen da ba su san juna ba su amsa suna ɗaya, na ji daga bakin Baturiya, na ji daga bakin mijina. Amma ina bayan kakarta, da tsada ake sayensa. Har yanzu ba na barci sosai, don bai dawo ba tukuna, kuma kaset ba ya gaya mini abin da ya faru jiya.

Furen yana cikin kwallata ta sama, ban yar ba. Ranar Juma'a Inna ta sa na toya masa, wato waina, ta sadaka. Da na gama rabawa ta ware guda bakwai masu kyau a kwano, ta rufe da faifai, ta ce in rako ta. Kun san ɗan Ibon nan na garinmu mai shagon magani kusa da tasha. Shekara huɗu ina wuce shi, in ban da sayen maganin zazzaɓi ko sannu ba ta taɓa haɗa mu ba. Inna ta ajiye masa kwanon a kan teburi. Ya buɗe, ya dube mu, ya ce da Hausarsa, "Mama, na mene ne?"

Ta ce, "Uwarka tana da rai?"

Ya ce tana nan, can gida.

"To ci. In ka rubuta mata takarda, ka ce wata tsohuwa a Aliero tana gaishe ta."